Zan koma filin ciyawa da jirgina, wace taya zan sa?

Injiniya_Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka daɗe tare da mu sun san labarin ƙaramin jirgin sama RV-9A ɗin da na haɗa a gareji a nan Texas, shekara shida ina fama da shi bayan na taso daga aiki. Na gama awa 40 na gwaji, yanzu yana da awa 130, duk a kan kwalta. Kuɗin hayar rumfar ajiye jirgi ya fi ƙarfina, sai wani dattijo manomi ya yi min tayin wuri a filinsa na ciyawa, tsawonsa kamar mita 750. Ranar Asabar na taka filin da ƙafa. Tsakiyarsa da tauri, amma ƙarshen kudu takalmina har nutsewa ya yi, kuma na dawo da tsidau fal a tafin takalmi, irin na bayan garinmu sak. Tayoyin baya 5.00-5 ne, ta gaba 'yar ƙarama ce, 11x4.00-5. In sa 380x150-5 da ke shiga wilin inci 5 da nake da shi, ko in sauya wili gaba ɗaya zuwa 6.00-6? Murfin tayar kuma in cire ko in buɗa shi? Dattijon na jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Dan_Sabongari:
Wa alaikumus salam. Injiniya ka sayi tayar Alaskan Bushwheel mai inci 29 ka huta. Na ga ana sauka da ita kan duwatsun bakin kogi kamar an taka katifa.

Injiniya_Habu:
Ƙanena, wannan ai ta jirage masu tayar wutsiya ce irin su Super Cub. In na sa ta baya ya ɗaga, hanci ya kalli ƙasa. Ga shi kwalta na cinye ta, ni kuma zan riƙa zuwa shan mai a filin kwalta.

Kyaftin_MK:
Shawarata ka biya kuɗin rumfa ka zauna inda kake. Shekara 19 ina tuƙi, ban taɓa ganin wanda ya yi nadamar sauka a kwalta ba.

Alhaji_Alberta:
Habu, ka saurare ni da kyau, don abin da kake shirin yi shi ya raba ni da jirgina. A 2019 na koma filin ciyawa a nan Kanada da nawa mai tayar wutsiya. Wani mutum ya sayar min da tayoyi 8.50-6 guda biyu na hannu, ya rantse min tub ɗin ciki sabo ne, bai yi wata uku ba. Na yarda da shi saboda a rumfa ɗaya muke shan shayi. Shi ne kuma ya ce in rage iska zuwa 8 a geji don laushi. Sauka ta huɗu, da yamma, ɗana yana gefena. Na taka birki da ɗan ƙarfi saboda shinge na matsowa, sai tayar hagu ta zame a jikin wili ta ja tub, bawul ya tsinke. Ban ji ƙara ba, fuka-fukin hagu kawai na ga yana sunkuyawa. Jirgi ya juya kamar an finciko shi da igiya, wutsiya ta tashi, farfela ta sari ƙasa. Da muka tsaya ba abin da nake ji sai ƙarar inji yana hucewa da numfashin yaron. Ya riƙe bel da hannu biyu, ya ƙi saki har na zagayo na ɓamɓare yatsunsa.
Da muka ciro tub ɗin, faci uku na ƙirga a jikinsa, robar duk ta tsattsage. Farfela in ta bugi ƙasa dole a kwance inji a duba shi, ba a wasa da wannan. Masu inshora suka ce ban rubuta sauyin tayar a littafin jirgi ba, suka yi ta ja har na gaji. Mutumin kuma cewa ya yi bai taɓa ce min sabo ne ba. Har yau in na hango shi sauya hanya nake yi. Jirgin na sayar da shi a kwance, rabin kuɗi. Yaron yanzu shekararsa 17, ko maganar jirgi ba ya so.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Alhaji Allah ya ƙara tsarewa, ya mayar da alheri. Mutumin nan ko haƙuri bai ba ka ba?

Alhaji_Alberta:
Ko sannu, Hajiya. Na bar shi da Allah.

Dan_Sabongari:
Da a Kano ne Alhaji, kafin ka fito daga jirgin mai faci ya iso da bahon ruwa da famfo, yana tambaya taya nawa ne.

Issoufou_Zinder:
Alhaji sannu da wannan jarrabawa. Ni ina tuƙa ƙaramin jirgi a Faransa, kusan duk filayenmu ciyawa ne. Habu, 380x150-5 na saye ta bara yuro 210 guda ɗaya, ban da tub.

Sani_Ohio:
Kai Issoufou an tsuga maka. Dala 140 na saya.

Issoufou_Zinder:
Yaushe?

Sani_Ohio:
2021 ne, amma ai ba ta ninka ba.

Injiniya_Habu:
Ta kusa. Jiya aka ce min dala 255, tub kuma 90. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, so nake in ji ko ta rage nutsewa a ƙasa mai laushi. Sani, a ciyawa kake sauka?

Sani_Ohio:
A'a, kwalta. Kyau ta yi min na sa.

Baba_Sajan_Kaduna:
Yara ku bar zancen kuɗi. Habu, ni na yi aiki a kan Air Beetle lokacin ina soja. Wanda bai sani ba, RV-6A ne aka haɗa a nan Kaduna, guda 60, don koyar da matuƙan sojan sama, wato yayan jirginka ne. Kana ta kallon tayoyin baya, alhali ta gaba ce abin lura. Ita ce ƙarama, ita ke fara shiga rami, kuma tsakanin cokalin da ke riƙe da ita da ƙasa ba wani tazara. A 2007 kamfanin Van's, mai ƙera kayan haɗa jiragen RV, ya fitar da sanarwar gyara kan wannan cokalin don a ƙara tazarar, ka tabbatar naka sabon samfuri ne. Ita 380 faɗinta inci 6 ne maimakon 5, tsayinta kuma inci 15, bayanka zai ɗaga kamar rabin inci kawai. In ka je 6.00-6 ta haura inci 17, baya ya tashi, hanci ya sunkuya, ka ƙara wa 'yar ƙaramar kaya. Kuma duk girman da taya ta ƙara, ƙarfin birki raguwa yake. Ka ja sandar tuƙi har cibiya duk lokacin da kake tafiya a ƙasa, tun daga tayar da inji har ka kashe.

Kyaftin_MK:
Baba da girmanka, amma gyara daban tuƙi daban. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba bai kamata ya koya wa matuƙi sauka ba.

Baba_Sajan_Kaduna:
Yallaɓai, jirgin da kake tuƙawa tayarsa ɗaya ta kusa kai maka ƙirji, kuma wani ne ke duba maka iskarta. Yaushe rabonka da taka ciyawa?

Kyaftin_MK:
A Zariya na koyi tuƙi, da ƙananan jirage na fara kamar kowa.

Alhaji_Alberta:
Duk ku biyun ba wanda farfelarsa ta taɓa cin ƙasa. Ni ta ci. Habu kada ka sayi komai na hannu, kada ka rage iska, kuma ka rubuta a littafi.

Maman_Ilham:
Ni abin da ke ci min rai daban ne. Guda 60 aka haɗa a Kaduna da hannun mutanenmu, amma yau duk masu maganar jirginsu a nan suna Texas, Kanada, Faransa. Ƙanen mijina ya yi odar kayan haɗa wutsiyar jirgi kaɗai don ya fara koyo a gida. Wata takwas akwatin na tashar ruwa, ejan ɗin yau ya ce takarda, gobe ya ce sa hannu. Da aka buɗe, ruwa ya shiga, farantan alminiyon duk sun yi fari-fari.

Dan_Sabongari:
Hajiya nawa ya biya kuɗin ajiya?

Maman_Ilham:
Ya fi kuɗin kayan. Yanzu suna jingine a shagon babansa bayan buhunan masara.

Baba_Sajan_Kaduna:
Ki ce ya kira ni in je in gani, wataƙila wasu za su gogu. Amma ko ya gama, man da injin ke sha ma samunsa aiki ne.

Issoufou_Zinder:
In injin Rotax 912 ya sa, man mota mai kyau ya ishe shi.

Injiniya_Habu:
Na gode Baba, yau da dare zan auna cokalin. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai kan murfin taya da tsidau ɗin nan.

Sani_Ohio:
Hajiya, ta Legas ya shigo da kayan ko ta Kwatano?