Wa ya goya wa? Neman sunan Hausa ga "frame narrative"

1/ Jama'a, ga wata kalma ta tsaya mini a wuya. Ina nazarin The Conjure Woman na Charles Chesnutt, baƙar fatar Amurka, littafin da ya fito a 1899 da gajerun labarai 7. Duka gininsu ɗaya: John, Bature daga Ohio, ya koma North Carolina noman inabi. Shi ke ba mu labari, sai ya miƙa bakin ga tsoho Julius, wanda ya yi bauta a gandun da John ke nomawa, ya kawo tatsuniyar zamanin bayi. Turawa na ce wa wannan dabara "frame narrative". Mu fa?

2/ Wani ya ce "firam". A'a. Firam na hoto ne, katako ne da ba ya motsi. Wata malama ta ce "labari cikin labari". Daidai ne, amma bayani ne, kuma bai raba mana na waje da na ciki ba.

3/ Ku dubi labarin Sandy. Bawa ne da ake ta aronsa gida-gida, matarsa Tenie ta yi tsafi ta mai da shi bishiya don ya zauna wuri ɗaya. Aka sare bishiyar, aka yanka katako, aka yi ɗakin girki, daga baya aka mai da katakon makaranta. Yaushe Julius ya kawo wannan zance? Lokacin da John ke shirin rushe makarantar ya gina wa matarsa Annie ɗakin girki. Annie ta ji, ta ce ba da ita ba. Ginin ya koma hannun 'yan cocin su Julius. Tsoho da wayo!

4/ Kun ga na ciki ne ya juya na waje. Shi ya sa nake cewa goyo. Ɗan da ke baya in ya motsa, dole uwa ta sake tafiya. Na waje "uwar goyo", na ciki "goyo", dabarar kuma "goyon labari". John bai haifi tatsuniyar ba, ɗauka ya yi, yana ma gunaguni.

5/ An ba ni "majanyi", ya burge ni, amma majanyi ɗaurewa kawai yake yi. Na gwada tawa a Magana Jari Ce: aku da Musa uwar goyo, labaran da aku ke jerowa don ya hana shi fita su ne goyo. Ta zauna daram. Masu koyar da adabi, ku gwada ta a aji ku gaya mini ko ɗalibai sun kama.