Me ya sa 'yan uwa ciki ɗaya ba sa kama da juna sosai?

Ɗaliba, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar WASSCE, kuma darasin mayosis, wato rabuwar ƙwaya da ke samar da maniyyi da ƙwan mace, ya shige mini duhu. An ce ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke riƙe da gadon halitta. To, idan uwa ta ba da nata, uba ya ba da nasa, me ya hana ɗa ya tashi da 92? Sannan ni da yayata uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ita doguwa ce mai wushirya, ni kuwa gajera, har a kasuwar Kejetia ba a yarda ciki ɗaya muka fito ba.

Malamin kimiyya, Asawase:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya ce. Waɗannan 46 ɗin bibbiyu suke, wato tagwaye 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ƙwayar da za ta samar da maniyyi ko ƙwan mace tana kwafe kuromosom ɗinta sau ɗaya, amma ta rabu sau biyu: a rabuwar farko tagwayen ne ke rabuwa, kowane ya nufi ɓangarensa, a ta biyu kuma kwafin kowane ɗaya ya tsage gida biyu. Shi ya sa kowane iri ke fita da 23, idan aka haɗu lissafi ya koma 46.

Inda ɗalibai suka fi yin sakaci shi ne abin da ke faruwa kafin rabuwar farko. Ki ɗauki carbi biyu masu tsawo ɗaya, baƙi da fari, ki jera su, ki yanke su a wuri guda, ki musanya guntayen sannan ki ƙulla. Haka tagwayen suke musayar sassa, ta yadda kuromosom ɗin da mahaifiyarki ta ba ki gauraye ne na kakanki da kakarki. Bayan haka, ɓangaren da kowane tagwaye zai fuskanta bai dogara da na sauran ba, kuma wannan kaɗai yana ba da yiwuwar haɗi 8,388,608 daga mutum guda. Naki da na yayarki ba su faɗo ɗaya ba, kuma da wuya ƙwarai su faɗo.

Ma'aikaciyar jinya, Nima:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in kai maganar ga abin da nake gani a wurin aiki. Gadon sikila yana kan kuromosom na 11. Mai AS, wato wanda ya gaji A na lafiyayyen jini da S na sikila, rabin irinsa na ɗauke da A, rabi kuma S, saboda wannan rabuwar da aka bayyana. Idan mata da miji duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon sikila. Abin da ke ci mini rai shi ne iyayen da ke zaton idan ɗa guda ya kamu, ukun da za su biyo baya sun tsira. Kowane ciki lissafinsa daban, kuma na ga uwa riƙe da katin asibiti na yara biyu a jere. A Ghana akwai nau'in C ma, musamman a arewa, don haka AS da AC suna iya haifar mai SC, wanda shi ma nau'in ciwon sikila ne. A Ghana, a Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995, amma gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa ya fi sauƙi ga kowa.

Ɗaliba, Aboabo:
Na gode, Malam, na gode, Anti. Shin haihuwar namiji ko mace ma a nan take?

Malamin kimiyya, Asawase:
A nan take. Ƙwan mace kullum X yake ɗauka, maniyyi kuwa rabinsa X ne, rabi Y, saboda haka wanda ya shiga ƙwan shi ke yanke hukunci da ikon Allah. Matar da ake yi wa gori don ta jera 'ya'ya mata ba ta da Y ɗin da za ta bayar tun farko.