Buɗaɗɗen rami ko haƙar ƙarƙashin ƙasa, wanne ya dace da jijiyar zinare?

Ɗan_Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana harkar ma'adinai ku taimaka min, ina ajin ƙarshe a sashen jiyoloji a ABU, furojet ɗina kan tsara mahaƙa ne, an ba ni jijiyar zinare (wato layin dutse mai ɗauke da zinare) siririya da ta fito kusa da saman ƙasa amma ta nutse a karkace zuwa ƙasa sosai, to buɗaɗɗen rami zan ba da shawara ko a bi ta ƙarƙashi? Ni dai na fi karkata ga buɗaɗɗe tunda kowa cewa yake ya fi arha.

Injiniya_TudunWada:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Arhar nan tana da iyaka fa. Bangon rami ba ya tsayuwa a miƙe, dole ka kwantar da shi hawa-hawa in ba haka ba ya rufto, saboda haka duk mita ɗaya da ka ƙara a zurfi sai bakin ramin ya ƙara faɗi, kana ta kwasar ƙasa da dutsen banza da tifa kana ƙona dizal kafin ka taɓa tan ɗaya mai zinare. Lissafin kenan. Misali a ce tan ɗaya ta ƙarƙashi naira dubu 60 zai ci maka, ta sama dubu 20, kwashe tan ɗaya na dutsen banza kuma dubu 5. Cire 20 daga 60, raba da 5, ka samu 8. Wato muddin tan na banza bai wuce 8 a kan kowane tan na ma'adini ba ka zauna a sama, yana wucewa ka nutsa. Irin jijiyarka siririya mai zurfi da wuri take kai wa wannan gaɓar, don haka ka tsara duka biyun, sama tukuna sannan ƙasa. Haka aka yi a Chuquicamata ta ƙasar Cile, sun fi shekara 100 suna haƙar tagulla a sarari, sai 2019 suka koma ƙarƙashi.

Maman_Hanifa:
Ni a Bukur na tashi kafin aure ya kawo ni Sabon Gari. Dan Allah ɗana ka sa kuɗin cike rami a lissafinka. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato har yau suna nan cike da ruwa, gonaki sun tafi, yara da dabbobi na faɗawa, wlh abin na ci min rai.

Abu_Kongo:
Gaskiya ne Hajiya. Amma ƙarƙashin ma sai an shirya, yana son fankokin tura iska da famfunan zuƙe ruwa dare da rana, ga damina ga matsalar wuta, janareto na tsayawa mutane na ciki shikenan. Ga tokare rufin rami. Taman Itakpe a Kogi da zinaren Segilola a Osun duk ta sama aka fara su, kwal ɗin Inugu ne aka bi ta ƙarƙashi tun 1916.

Ɗan_Samaru:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, to tsakanin gindin ramin sama da inda za a fara na ƙarƙashi, kaurin dutse nawa ake bari?

Injiniya_TudunWada:
Babu lamba ɗaya, ƙarfin dutsen da tsagoginsa da faɗin jijiyar ne za su faɗa maka. Turo sakamakon gwajin dutsen da supabaizanka ya ba ka mu duba tare bayan isha'i.