Shagona ba ya tafiya sai ina tsaye a kai

Mai_Ɗinki: Salam jama'a. Ina da shagon ɗinki, tela 6, amma ranar da na tafi Kantin Kwari sayo yadi shikenan aiki ya tsaya, a ƙaramar sallah har wuyan rigar kwastoma aka yanka ba daidai ba, kowa ya gani ya yi shiru wai oga ake jira. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Wslm. Malam ka yi haƙuri amma laifinka ne, tsoronka suke ji. A masana'antar Toyota ta Japan akwai igiya da ake kira andon, ko ƙaramin ma'aikaci ya ga matsala zai ja ta, shugaban layin haɗa motoci ya zo a duba, in bata gyaru ba layin ya tsaya, kuma ba a yi masa faɗa. Kai fa in yaro ya kawo maka kuskure me kake ce masa?

Hajiya_Zee: Naɗa ɗaya manaja ka ƙara masa kuɗi, ka faɗa a gaban kowa, kuma in ya yanke hukunci kar ka warware a gabansu.

Mai_Ɗinki: Hajiya babban cikinsu ƙanin matata ne fa, kuma shi ya fi kowa latti 😅