Wane mataci ya dace da ƙaramin akwatin jatan lande da dodon koɗi?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 20, na zuba masa jajayen jatan lande guda 12 da dodon koɗi huɗu, na kuma sa irin matacin da ake ratayawa a bakin gilashi. Makonni uku da suka wuce wata mace ta saki 'ya'ya, amma kullum sai in ga suna raguwa, har ranar da na buɗe matacin na tarar da su a maƙale cikin audugarsa, wasu da rai wasu sun mutu. Shin in canza shi ne gaba ɗaya, kuma wanne ne zai jure yawan ɗauke wutar da muke fama da shi?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗan jatan lande bai wuce milimita biyu ba ranar ƙyanƙyasa, don haka ba shi da ƙarfin tsere wa bakin bututun da ke zuƙar ruwa. Shawarata ita ce matacin soso, wanda ƙaramin injin hura iska ke tafiyar da shi: kumfar iska tana hawa cikin bututu, ruwa kuma yana ratsa soson a hankali, ba abin da ke fizgar kowa. Za ka ma riƙa ganinsu sun yi dafifi a kansa suna tsince yauƙin da ke taruwa, domin abincinsu ne.

Sai dai ka sani ainihin aikin tacewa ba na soson ba ne, na bakteriyar da ke zama a cikinsa ne. Su ne ke mayar da amoniya ta kashin dabbobin da ragowar abinci zuwa nitirayit, daga nan zuwa nitiret mai ƙarancin guba, kuma sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin su kafu. Saboda haka kada ka cire tsohon mataci ranar da ka kawo sabo, ka bar su tare har wata guda. Idan soson ya toshe, a cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin za ka matse shi, ba a bakin famfo ba, domin kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe bakteriyar.

Hajiya daga Sabon Gari:
Malam ya yi bayani, ni maganar wuta zan ƙara. Akwai injin iska mai aiki da fawa banki, kuma shi ya cece ni a bazarar da ta wuce, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, jatan lande kuwa sukan galabaita idan ruwan ya haura digiri 28, abin da ba shi da wuya a ɗakin Zariya cikin watan Afrilu. Ka ajiye injin sama da matakin ruwan, ko ka sa bawul mai hana ruwa komowa a jikin tiyon iskar. Na taɓa sakaci da wannan, aka ɗauke wuta da dare, na wayi gari ruwa ya biyo tiyo ya jiƙe min darduma.

Mai kiwo daga Kongo:
Tare da girmamawa, ban ga dalilin jefar da matacin da ka riga ka saya ba. Ka yanko soso mai ƙananan ƙofofi ka sanya wa bakin bututun kamar safa, ka rage ƙarfin ruwan. Dodon koɗi suna yawan kashi, kuma matacin rataye ya fi kwashe datti. Ka tabbata dai sabon soso ne wanda sabulu bai taɓa ba.

Malam na Tudun Wada:
Wannan ma daidai ne, kuma shi ya kamata ka yi yau kafin ka samo na soson. Amma idan wuta ta yi sa'o'i da yawa a ɗauke, ruwan da ke cikin na rataye tsayawa yake yi, bakteriyar da ke ciki su rasa iskar shaƙa, shi ya sa a lita 20 na fi natsuwa da soso da fawa banki.