Cigiyar kalma: me za mu kira "sanskirin", me kuma za mu kira ƙurajen da yake tayar wa yara?

Jama'a, ina da cigiya. Ba akuya ce ta ɓata ba, kalma nake nema, kuma tun shekaranjiya ta hana ni sakat. Ku biyo ni a hankali, zaren yana da ɗan tsawo.

Ƙanwata tana aure a Ingila. 'Yarta mai shekara biyu da 'yan watanni tana zuwa gidan renon yara, kuma da lokacin zafinsu ya kama sai masu renon suka ce kowace uwa ta kawo hula da man nan da ake shafa wa yara kafin a fita da su wasa, wanda aka rubuta sunscreen a jikin kwalbarsa. Ta saya ta kai. Kwana biyu tsakani sai ga kumatun yarinya da goshinta sun feso da ƙananan ƙuraje, tana ta susa tana rigima.

Sai ta kira Hajiyarmu a Kano, ta ce: "Hajiya, ina jin sanskirin ɗin ne take da alaji da shi."

Hajiya ta ce: "Wane Alhajin ne kuma ya taɓa mini kishiya?"

Ni da nake zaune kusa da ita dariya har da hawaye. Ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah ki yi mata bayani." Na buɗe baki ke nan na ga ashe ni ma ba ni da kalmomin. Na iya kewaye-kewaye, na iya cewa wani mai ne da Turawa ke shafawa saboda rana, amma suna guda da zan damƙa wa Hajiya ta riƙe, babu. Kalma biyu suka ƙwace mini a jimla ɗaya, sanskirin da alaji (wato allergy a Turance), to bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san halinsa. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, likitoci suna kiransa UV. Wanda suke kira UVB shi ne ke ƙona fata, UVA kuwa ya fi shiga ciki, shi ne ke tsofar da fata, kuma duka biyun suna da hannu a kansar fata. Aikin man nan shi ne ya tare su. Lambar da kuke gani a kwalba bayan haruffan SPF tana nuna ƙarfin tare UVB: SPF 15 yana tare kimanin kashi 93 cikin 100, SPF 30 kimanin kashi 97, SPF 50 kimanin kashi 98. Wannan ma sai an shafa da kauri, an kuma sake bayan kamar awa biyu, ko bayan wanka da gumi. Ba ya maganin zafi. Yaron da aka shafa wa zai ji zafin rana kamar kowa, zai kuma yi gumi kamar kowa. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kayar da wasu sunayen.

Jiya na jefa tambayar a nan, ga abin da kuka kawo da yadda na auna su.

Man kare rana. Shi ya fi yawa a amsoshinku, kuma shi na fara jefarwa. Ku faɗe shi da baki ku ji: man kare. Wace uwa ce za ta shafa wa ɗanta man kare? Ga shi kuma yawancinmu ba ma sa ƙugiya idan muna rubutu a waya, sai ka rasa kare ne, ƙare ne, ko kuwa ranar ce ake son a kare. A'a.

Man tsarin rana. Tsari kalma ce mai kyau, muna neman tsari daga sharri, kuma maganin tsari ba baƙo ba ne. Matsalar ita ce masu rubutun kimiyya da Hausa sun riga sun ɗora tsarin rana a kan rana da duniyoyin da ke kewaya ta. Gida da mai shi a ciki ba a sa masa wani.

Man inuwa. Wallahi wannan ya yi mini daɗi a kunne, wadda ta kawo shi Allah ya ƙara basira. Gajere ne, yana da hoto, ana ji an gane. Na kwana da shi a raina, da safe na sake shi. Dalili: suna yana yi wa mutum alkawari. Uwar da aka ce mata ga man inuwa za ta ɗauka ta shafa wa ɗanta inuwa ke nan, ta bar shi a tsakar gida da azahar. Alhali mai ba inuwa ba ne. Likitocin yara ma shawararsu ita ce jaririn da bai kai wata shida ba a tsare shi a inuwa da sutura maimakon a dogara da wannan mai, manyansu kuma a rage musu fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Sunan da zai sa uwa ta saki jiki ba na so, ko da ya fi kowane daɗi.

Maganin rana. Yana bin sahun maganin sauro, amma da an ce magani sai a ɗauka bayan ƙuraje sun fito ake shafawa. Wannan kuwa rigakafi ne.

Man rana. Da farko na raina shi saboda masu sayar da kayan kwalliya suna da man rana da man dare. Sai wani malami daga Damagaram ya tunatar da ni cewa a Faransanci crème solaire ake cewa, wato man rana kai tsaye, ya kuma ce in duba yadda Hausa ke gina irin waɗannan sunaye. Rigar ruwa ba ruwa ake sa wa ba. Rigar sanyi ba sanyi take ƙarawa ba. Gidan sauro ba don sauro ya kwana aka ɗaura shi ba. Bahaushe yakan kira abin kariya da sunan abin da yake karewa daga gare shi, kuma ba wanda ya taɓa rikicewa. Malam, ka yi gaskiya, na sallama. Larabawa ma da suka tashi sa masa suna, mai kariya daga rana suka ce.

Don haka ga inda na tsaya a kan ta farko: a rubuce, a takardar asibiti ko a rediyo, man kariyar rana. A baki, man rana. Idan ana tsoron a haɗa shi da na kwalliya, sai a faɗi cikakken.

Akwai wani dalilin da ya sa na nace sai kariya ta fito a cikin sunan. Irin wanda aka haɗa da sinadarin zinc oxide ko titanium dioxide yakan bar fari-fari a baƙar fata kamar an shafa alli, kuma na sha jin ana cewa ai man bilicin ne. Ba shi ba ne, ba ya canza launin kowa. Waɗanda wannan ruɗanin ya fi cutarwa su ne yaranmu zabiya, waɗanda fatarsu ba ta da sinadarin da ke ba tamu duhu ya kuma rage mata illar rana. A wurinsu man nan ba ado ba ne, yana cikin abin da ke tsakaninsu da kansar fata, tare da malafa da riga mai dogon hannu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni kowace shekara domin wayar da kai a kan zabiya. Idan ranar ta zo ana jawabi a gidajen rediyon Kano da Maraɗi, gara a ce man kariyar rana kaka ta gane, da a ce sanskirin ta yi tsammanin wata allura ce. Man kaɗanya kuwa, da wasu suka ce ai shi ne namu na gargajiya, yana da kyau wajen laushin fata, amma kariyarsa daga rana kaɗan ce ƙwarai, ba zai tsaya a madadin wancan ba.

Yanzu ga ta biyu, wadda ta fi wuya: Alhajin Hajiya.

Manhajojin fassara sukan ba ka "rashin lafiyan", kalmar da ke tsaye da ƙafa ɗaya tana jiran abin da ba zai zo ba. Rashin lafiyan me? Mu bar ta a can. Abin mamaki, mata sun daɗe da warware rabin matsalar ba tare da taro ba. Kowace mace ta san a ce "man nan bai karɓe ni ba". Ba wadda za ka yi wa ƙarin bayani. Muna kuma da borin jini, wato fatar mutum ta yi rudu-rudu tana ƙaiƙayi bayan ya ci wani abu ko ya sha wani magani. Ainihin abin da ke faruwa ke nan: garkuwar jiki ce ta ɗauki abin da ba abokin gaba ba a matsayin abokin gaba, ta tayar da ƙura. Bori ne kuwa, irin na yaro da aka hana abu. Wasu sun ce kalmar tana tuna musu da 'yan bori da girka. Na ji, amma borin jini ya daɗe a bakin mutane har a asibiti, ban taɓa ganin wanda aka ce masa haka ya tafi neman garaya ba.

To me zai hana mu ɗora a kan wannan tushe? Domin abin da ke fesowa a fuskar yaro bayan ya sha rana ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin sunaye ne ke sa mu tattara su duka mu ce zafi ne.

Ƙurajen zafi suna nan da sunansu. Gumi ne ke toshewa a cikin fata, shi ya sa suka fi fitowa a wuya, da baya, da matsematsi, wuraren da riga ta rufe. Ba ruwansu da haske, yaro zai iya yin su a cikin ɗaki.

Borin rana nake so mu kira wanda hasken ne da kansa ke tayar da shi. Alamarsa ita ce yana bin inda rana ta taɓa, ya ƙyale inda ta tsallake, kamar ƙasan haɓa da inda riga ta rufe. Wani yakan fito bayan 'yan awanni ko washegari, ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi da kan ɗauki kwanaki. Wani kuma, wanda ba a cika gani ba, cikin 'yan mintuna fatar take tashi, idan an shiga inuwa ta kwanta. Akwai ma wanda ke fitowa a saman kunnuwan yara maza a ƙasashen sanyi idan rana ta fara dawowa.

Borin mai kuma shi ne wanda man bai karɓi yaro ba. Shi yana bin inda hannun uwa ya bi, ko an fita rana ko ba a fita ba. Sau da yawa ba ma sinadarin kariyar ba ne, turaren da aka zuba a ciki ne ko abin da ke hana man lalacewa. Akwai kuma na munafunci, wanda mai shi kaɗai ba ya yin komai, rana ita kaɗai ba ta yin komai, sai sun haɗa baki. Sinadarin oxybenzone ya yi suna a wannan, har ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan borin fata ta ayyana danginsa a matsayin abin lura na shekarar 2014. Wannan na ukun ban sama masa gajeren suna ba, borin mai da rana ya ishe ni.

Wata ma'aikaciyar jinya a cikinku ta ƙara abin da ya fi shafar mu a gida, inda yawancin yara ba su taɓa ganin man rana ba. Bazara lokacin mangwaro ne, kuma ƙaron da ke jikin ɓawonsa yakan tayar wa wasu yara ƙuraje a gefen baki, a ɗora wa rana laifi. Ruwan lemun tsami kuma idan ya zauna a fata aka shiga rana, yakan ƙona wurin har ya yi bororo, daga baya ya bar baƙin tabo mai siffar yadda ruwan ya gangara. Mu da muke matsa lemun tsami a kusan komai, wannan abin sani ne.

Ta kuma ce in faɗa da babbar murya, ga shi na faɗa: ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, da tari, da jan ido, suka faro daga fuska da bayan kunne suna gangarowa, a yi zargin ƙyanda, a tafi asibiti. Yaron da leɓensa ko idonsa ya kumbura, ko numfashi ke yi masa wuya, ba a tsayawa neman suna, a ɗauke shi a ruga.

Ita dai 'yar tamu, likita ya duba ya ce a dakatar da wancan man, a koma mai zinc wanda ba turare, a fara gwada shi a ɗan wuri a cikin damtsenta na 'yan kwanaki kafin a kai fuska. Kumatu sun lafa.

Da yamma na gwada kalmomin a kan Hajiya, don ita ce alƙaliyar. Na ce, "Hajiya, man rana suka shafa mata, na kariya, shi ne bai karɓe ta ba ta yi borin mai."

Ba ta tambaye ni ko kalma ɗaya ba. Cewa ta yi, "To ai sai a canza mata wani. Ki ce wa uwarta ta saya mata malafa, kuma ita kishiyar tawa a gaya mata duk man da za ta shafa, mijin dai nawa ne."