Wai damuwa ce kawai

Maman Biyu: Salamu alaikum. Ku bar ni in amayar da abin da ke raina. Wata uku ke nan ƙirjina kamar an ɗora masa turmi, gabana na yawan faɗuwa, cikin dare in farka sharkaf da zufa. Sau biyu ina shan maganin taifot da maleriya daga kemis. Jiya tun asuba na baro Tumfure na bi layi a asibiti, aka ɗebi jini, aka manna min wayoyi a ƙirji, likita ya duba takardu ya ce, "Hajiya, lafiyarki ƙalau, damuwa ce kawai." Kawai fa! Ƙarya nake yi ke nan?

Kawun Bolari: Assha. Amma ina mumini ina damuwa? Ki riƙe azkar, 'yata.

Anti Nas: Kawu, irin wannan maganar ce ke sa mata haɗiye ciwonsu. Idan hankali ya tashi, wasu 'yan sassan jiki da ke saman ƙoda suna sakin sinadaran adirinalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya ɗan hau, wuya da kafaɗa su ɗaure, ciki ya rikice. Ciwon gaske ne ko da gwaji bai nuna komai ba. "Kawai" ɗin ce kuskuren likitan.

Malam Ƙarami: Kawu, da girmanka, duba Suratu Yusuf aya ta 84. Idanun Annabi Yakubu, alaihis salam, sun yi fari saboda baƙin ciki. Wa ya kai shi imani a cikinmu?

Kawun Bolari: Ai ka faɗa da bakinka, baƙin ciki. Baƙin ciki daban, damuwa daban. Yaran yanzu daga kun haddace izu biyu sai fatawa.

Malam Ƙarami: To meye bambancin?

Kawun Bolari: Ba da sa'anka kake magana ba.

Ɗan Kumo: Mu dai a wajenmu damuwa ita ce aljihu ba ko sisi. A tura wa Hajiya alat a ga ko turmin ba zai sauka ba.

Ɗan Wunti: Ku Gombawa tun da kuka bar mu a 1996 ba ku rabu da damuwa ba.

Ɗan Kumo: Wa ya sako ɗan Bauchi a zauren nan?

Inna Jekadafari: Ku bar surutu, olsa ce. Haka tawa ta fara, tunani ne ya tsinka min hanji.

Anti Nas: Inna, yawancin gyambon ciki ƙwayar cuta ce ke kawo shi, H. pylori, sai magungunan ciwon jiki irin su diclofenac. Masana biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun samu kyautar Nobel a 2005 kan gano cewa wannan ƙwayar cutar na kawo shi. Tunani dai yana ƙara wa mai shi raɗaɗi.

Inna Jekadafari: Na haifi kamarki. Cikina ne ko na Baturen?

Maman Biyu: Ni dai abin ya fara ne a makon da Abban yara ya kai lefe gidan su yarinyar.

Ɗan Kumo: Tirƙashi! Ashe ga inda gizo ke saƙar.

Inna Jekadafari: To jifa ne, ba olsa ba. A nemi ruƙiyya.

Kawun Bolari: Kishi ne. A kira shi da sunansa.

Anti Nas: Kawu, ɗazu ka ce mumini ba ya damuwa, yanzu kuma kishi na sa ciwon ƙirji?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. A taƙaice, kowa ya yarda ƙarin aure sunna ne, ba ya kawo ciwo. Ni mata biyu gare ni, ba wadda aka taɓa manna wa waya a ƙirji. Kawu ya yi gaskiya, masu boko kuma su rage yi wa manya gyara. Mai son zuma da habbatus sauda ya same ni bayan la'asar.

Maman Biyu: To in koma wajen likitan ko kada in koma?

Shugaban Zaure: An rufe zaure sai gobe.